Jirgin ruwa ya wuce sama da kaina a Holan

Ɗan Hadejia a Delft:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar Asabar nake son rubuto wannan karatu ya hana. Mun fita da keke ni da wani abokina zuwa bayan gari, muna tafe a wata 'yar hanya tsakanin gonaki shanu na ta kiwo, ina ɗaga kai sai ga jirgin ruwa yana wucewa a sama da mu, wlh da idona. Ashe hanyar ruwan a ɗage take tsakanin jinga biyu, gonaki da gidajen mutane na ƙasa ruwa na sama. Na jingine keken na hau jingar na duba dama na duba hagu, ruwan ya fi tagogin gidajen tudu, ga wata tsohuwa can ƙasa tana shanyar kaya hankalinta kwance.

Ni da na taso a garin da in damina ta yi nisa sai an kwana ana ɗura yashi a buhu ana tare jinga, abin ya tsaya min a rai ƙwarai. Kusan kashi 26 cikin 100 na ƙasar Holan yana ƙasa da teku, akwai wani wuri kusa da Rotterdam da ya kusa mita 7 ƙasa, shi kansa filin jirgin Schiphol da kowa ke sauka gindin tafki ne da aka gama kwashe ruwansa a 1852. Kuma mutum kusan miliyan 18 ne ke kwana a ƙasar. To a ganinku me ya riƙe su?

Baban Ummi:
Wa alaikumussalam. Ƙanena ai wannan ba ya buƙatar dogon nazari, kuɗi ne. Ka ba kowace ƙasa irin kuɗinsu ka ga aiki. Amma don Allah waɗannan injinan iskar masu fukafukai da ake sa wa a kalanda, niƙa ake da su ko ado ne kawai?

Ɗan Hadejia a Delft:
Yaya akwai na niƙan hatsi, akwai na matse mai, akwai na yankan katako wanda da shi suka riƙa ƙera jiragen ruwa da sauri, amma waɗanda suka shafi maganarmu na ɗiban ruwa ne. Iska ta juya fukafukan nan huɗu, su kuma su juya wasu haƙoran katako a ciki, har ƙarfin ya sauko kan wata ƙatuwar ƙafa mai faranti-faranti da ke kwasar ruwa daga ƙasa tana turawa sama. Matsalar ita ce guda ɗaya ba ya iya ɗaga ruwa sama da kamar mita ɗaya da rabi, to in ramin ya yi zurfi sai a jera uku ko huɗu, wannan ya miƙa wa wancan, kamar dai yadda leburori ke miƙa kwanon kankare ranar zuba dakin. Da haka suka busar da tafkin Beemster a 1612 da injina arba'in da wani abu. Waɗanda kuke gani a hoto yawanci na ƙauyen Kinderdijk ne, guda 19 ne a can, an gina yawancinsu wajen 1740. A da sun kusa 10,000 a ƙasar, yanzu saura kamar 1,200, aikin kuma ya koma hannun famfunan lantarki da na dizal, dare da rana suke yi.

Manomin Kura:
Ikon Allah, wato jigo ne dai aka ɗaura wa iska. Ni tambayata ta manomi ce, ƙasar da ta kwana ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin ruwan gishiri ta yaya za ta yi amfani? Mu nan in kanwa ta fito a gona ka ga fari-farin nan a sama to sai haƙuri, ko tumatir ba ya yi.

Ɗan Hadejia a Delft:
Baba wannan tambayar ita na fi so. Akwai wani reshen teku da ya shigo tsakiyar ƙasar ana ce masa Zuiderzee, wani injiniya mai suna Cornelis Lely ya shekara da shekaru yana cewa a toshe bakinsa ana ta jan ƙafa saboda tsada, sai da ambaliyar 1916 ta yi ɓarna sannan aka yi doka a 1918. Suka gina jinga mai tsawon kilomita 32 a tsakiyar teku, aka rufe ta a 1932, yau titin mota ne a kanta. Da aka toshe sai ya zama kogin IJssel na zuba ruwan daɗi a ciki su kuma suna sakin rara ta ƙofofi zuwa teku, cikin 'yan shekaru gishirin ya wanke ya zama tafki. Daga nan suka riƙa yanka tafkin suna kewayewa da jinga suna zuƙe ruwan, irin wannan filin shi suke kira polder, ɗaya a 1942, wani a 1957, wani a 1968.

To ko an zuƙe ruwa laka ce zalla, in ka taka sai ka nutse. Sai suka ɗauko jirgin sama suka watsa irin wata doguwar ciyawar ruwa, ta tsiro ta shanye damshin saiwarta ta kama ƙasa, bayan 'yan shekaru aka ƙone ta aka haƙa lambatu aka binne bututu, ruwan sama ya ci gaba da wanke ƙasar, gwamnati ta fara nomawa da kanta kafin ta ba manoma. Suna huɗa suna cin karo da tsofaffin jiragen ruwa da suka nutse tun zamanin da, sama da 400 aka samu. Yau wurin jiha ce guda mai suna Flevoland tun 1986, garin Almere da mutanen farko suka tare a 1976 ya haura mutum dubu 200. Amma fa masuntan da ke bakin tsohon tekun sun sha wuya, kifin ruwan gishirin da suke kamawa ya ƙare, garuruwa da yawa sana'ar kakanninsu ta mutu a tsaye.

Abu Hafsa:
Jama'a a yi hattara da yabon mutanen nan. Na taɓa ganin wata magana da ake yaɗawa wai Allah ne ya halicci duniya amma su suka halicci Holan, wa'iyazubillah. Wannan ai girman kai ne tsantsa, ƙasar da ruwan da iskar da ke juya injin duk na wa ne? Dare ɗaya ya isa.

Ƙanwar Maza:
Malam gaskiya kalmar ba ta da daɗin ji ko kaɗan, amma ni ban ga laifi ba in an koyi yadda suke tare ruwa. Mun ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024, ina da 'yan uwa a Gwange har yau ba su gama farfaɗowa ba.

Ɗan Hadejia a Delft:
Malam Abu Hafsa ina tare da kai a kan kalmar, ba za ta fito daga bakina ba, kuma daren da kake faɗa ya taɓa zuwa musu. Daren 31 ga Janairu wayewar 1 ga Fabrairu 1953 guguwa ta haɗu da cikar teku, jinga ta fashe a wurare barkatai a kudu maso yamma, mutane na barci, gidajen rediyo sun rufe tasha da dare don haka gargaɗi bai kai ga jama'a ba. Mutum 1,836 suka rasu, dabbobi dubbai, cikin tsananin sanyi mutane suka kwana a kan rufin gidaje wasu rufin ya rufta da su. Na je gidan tarihin abin a jihar Zeeland da ke can kudu maso yamma, an yi shi ne a cikin manyan akwatunan kankaren da aka toshe ɓaraka ta ƙarshe da su, akwai sunayen mamatan har da jarirai, na fito jikina a sanyaye. Mutanen yankin nan da yawansu masu riƙo da addininsu ne sosai, ba irin masu waccan maganar ba ne. Abin da suka yi bayan nan shi ne suka ɗauki shekara arba'in da wani abu suna gina madatsu a bakin koguna, na ƙarshe babba shi ne wanda ke kusa da Rotterdam a 1997, ƙofofi biyu na ƙarfe da ke rufe kogi in teku ya taso. Ni dai a wurina ɗaure raƙumi ne kafin tawakkali.

Abu Hafsa:
To in a haka ne babu ja. Allah Ya kare mu baki ɗaya. Ni dai kalmar ce ta tsaya min.

Malamin Tarihi:
Ku ba ni dama in sa baki, don akwai abin da ba a faɗa ba kuma shi ne gindin maganar. Yawancin ƙasar nan da ke ƙasa da teku a yau da can tana sama da shi, su suka nutsar da ita da hannunsu. Yammacin Holan fadama ce ta ruɓaɓɓun ciyayi da suka taru dubban shekaru, kamar soso mai cike da ruwa. Kimanin shekara dubu da suka wuce manoma suka fara haƙa lambatu suna tsane ta don su shuka hatsi, to soso in ka matse shi ai sai ya motse, iska kuma ta shiga ciyayin su ƙarasa ruɓewa, ƙasa ta yi ta sauka. Ta sauka su ƙara zurfin lambatu, ta ƙara sauka. Ga shi kuma suna yankan ƙasar suna busarwa suna yin makamashi da ita saboda ba su da itace, ramukan suka zama tafkuna, iska na kaɗa ruwa yana cin gaɓa har yana cinye ƙauyuka. Tafkin da Schiphol ke ciki haka ya girma har ya fara barazana ga Amsterdam da Leiden. Don haka injin iskar nan da ake ɗauka hoto gyaran ɓarna ne, kuma tun da suka fara famfo babu ranar dainawa.

Abin da ni nake ganin ya riƙe su shi ne hukumomin ruwa. Tun ƙarni na 13 manoma suka gane cewa in maƙwabcinka ya yi sakaci da tasa jingar kai ma ka nutse, sai suka kafa majalisu na kula da ita, ta yankin Rijnland tana da takardar izini tun 1255. Kowane mai gona da yankin jingar da aka ɗora masa, ana zagayowa dubawa, wanda ya gaza a ci shi tara, wanda ya ga ba zai iya ba sai ya soka shebur ɗinsa a jingar ya bar gonar, duk wanda ya zare shebur ɗin ya ɗauki gona da nauyinta. Aikin gayya ne amma mai doka da haƙora.

Ɗan Hadejia a Delft:
Malam ka riga ni, nan nake son zuwa. Har yau suna nan guda 21, da zaɓensu daban da harajinsu daban, kuɗin ba ya bi ta hannun wani minista balle a ce an karkatar da shi wani aikin. Ni kaina takardar harajin ta zo min har ɗaki da sunana, ɗalibi baƙo, kuma baƙon da ke da takardar zama yana da ƙuri'a a zaɓen. Ta yankinmu Delfland sunanta, ofishinta na nan cikin gari a wani tsohon gini bakin ruwa. Ranar da na ce muku mun fita, a kan jingar nan muka haɗu da wani mutum da dogayen takalman roba har ƙirji yana duba tarko a cikin ruwa, muka tambaye shi ya ce aikinsa ke nan, kama wani ɓeran ruwa mai kama da gafiya da ke haƙa rami a jikin jinga. Albashi ake biyansa a kan haka shekara da shekaru. Wlh wannan mutumin ya fi burge ni a kan manyan ƙofofin ƙarfen, saboda a gida na sha ganin jinga ta tafi ta dalilin ramin da kowa ya gani tun rani.

Ɗan Zongo Kumasi:
'Yan uwa ina jin ku amma kar a wanke su tas. Ku zo Gana ku ga gidan Elmina, Holan ta ƙwace shi daga hannun Fotugal a 1637 ta riƙe har 1872, na shiga ɗakunan da ake tara bayi a ƙasa, babu iska babu haske, a sama kuma ga ɗakin ibadarsu. Daga nan ake loda mutane zuwa Suriname da sauran wurare. Sai a Disambar 2022 firaministansu na lokacin Mark Rutte ya nemi gafara, sarkinsu ya biyo baya a Yulin 2023. Kuma ko Beemster ɗin da ake yabo, cikin waɗanda suka zuba kuɗi akwai Dirck van Os, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfaninsu na gabashin Indiya a 1602, kamfanin da ya yi ta'asa a tsibiran Indonesiya saboda kayan yaji. Kyawawan gidajen bakin ruwa na Amsterdam akwai jini a harsashinsu.

Baban Ummi:
Yauwa! Allah Ya yi maka albarka. Abin da na faɗa tun farko ke nan, kuɗi ne, kuma ga inda kuɗin ya fito.

Malamin Tarihi:
Ɗan Zongo duk abin da ka faɗa gaskiya ne ban cire ko ɗaya ba, kuma ya kamata a riƙa faɗa. Amma Baban Ummi ka duba lissafin shekarun, hukumomin ruwan sun girmi kamfanin da kusan shekara 350, lokacin da aka kafa su manoma ne da masunta a cikin laka. Sifaniya ta kwaso zinariya da azurfa fiye da kowa a wancan zamanin ai. Kuɗin zalunci ya biya manyan ayyuka irin na Beemster, wannan haka ne, amma kuɗi ba ya sa mutum ya fito duk shekara ya yashe lambatun bayan gidansa.

Baban Ummi:
Malam ka yi haƙuri ban gamsu ba. Mai yunwa ba ya biyan harajin jinga. Ka cika wa mutum ciki tukuna sannan ka ga ko zai yi gayya.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni dai tun ɗazu ina karantawa ina jiran a zo kan tawa sana'ar. Shekarata 22 a Kantin Kwari, lefen da babu Holan a ciki ai sai an yi magana a dangi. Ɗana don Allah a can matansu na ɗaura ta kuwa?

Ɗan Hadejia a Delft:
Hajiya barka da kasuwa. Wlh tun da na zo ban ga Baturiya ɗaya da ita ba, sai 'yan uwanmu 'yan Afirka ranar biki. Kamfanin Vlisco ne ke yin ta a wani gari Helmond tun 1846, asali kwaikwayon rinin mutanen Java suka yi da inji don su sayar a Indonesiya, can ba ta karɓu sosai ba sai ta samu kasuwa a Afirka ta Yamma. Kin ga ita ma ta bi ta hanyar da Ɗan Zongo yake magana.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah sarki, mu muke raya musu kamfani ashe. To Allah Ya dawo mana da masaƙunmu na Kano da Kaduna.

Na Bakin Tafki:
Salamu alaikum, daga Cadi nake bin ku. Abin da kuke kira polder ɗin nan mu ma muna da shi a Bol bakin tafkin Cadi, da Faransanci ma sunan da ake kiransa ke nan, kuma mutanen wurin sun iya tun kafin zuwan injiniyoyi. Tafkin yana da rassa da ke shiga tsakanin tuddan yashi, sai jama'a su taru su toshe bakin reshe da yashi da itace, ruwan da aka tsare ya ƙafe a hankali, ƙasan baƙa ce mai kyau, a shuka alkama lokacin sanyi a bi da masara, wani wurin sau biyu har sau uku a shekara. In an shekara da yawa ƙasa ta gaji kanwa ta fara fitowa sai a fasa madatsar a bar tafki ya dawo ya kwanta a kai, ya wanke ya ajiye sabuwar laka, bayan wani lokaci a sake toshewa. Baba Manomin Kura ka ga amsar kanwarka a nan kusa da gida.

Manomin Kura:
Kai madalla, wannan ban taɓa ji ba. Wato su aro suke daga tafki su mayar.

Ɗan Hadejia a Delft:
Na Bakin Tafki wlh ka faranta min rai, don abin da ake koya mana a aji yanzu kusan shi ne wannan. A 1995 koguna suka cika har aka kwashe mutum 250,000 daga gidajensu don tsoron jinga za ta tafi, ba ta tafi ba amma sun tsorata, suka gane cewa ƙara wa jinga tsawo kullum yana nufin ranar da ta fashe abin zai fi muni. Sai suka koma ba kogi fili. A Nijmegen sun ja jinga baya mita 350 suka haƙa wa kogin Waal hanya ta biyu, an tashi gidaje kusan 50 aka biya su. A Zeeland ma akwai polder mai suna Hedwige da aka fasa aka mayar wa ruwa a 2022 bayan shekaru ana rigima, mutanen yankin da kakanninsu suka mutu a 1953 abin ya yi musu ciwo sosai, kuma ni ban ga laifinsu ba, ka ga gonar alkama an sake ta ta koma laka da gangan.

Ƙanwar Maza:
To Yaya in teku na ƙara tasowa ƙasa kuma na ƙara sauka kamar yadda Malam ya ce, wannan abin zai ɗore kuwa? Ni tsoro ma ya kama ni, kana kwana a ƙasan ruwa.

Ɗan Hadejia a Delft:
Ƙanwata su ma suna wannan tambayar a fili, malamanmu ba sa ɓoyewa. A garin Gouda mai cuku ƙasa na sauka har ruwan lambatu ya kusa daidai da bakin titi, tsofaffin gidaje na tsagewa. Manoma na son a rage ruwa a gona don tarakta ta shiga shanu su yi kiwo, masana na cewa a bar ruwan sama-sama don ƙasar ta daina ruɓewa, kowa da gaskiyarsa, rigimar kuma a zaɓen hukumar ruwa ake yin ta. A Yulin 2021 ma ruwan sama ya yi ɓarna a Limburg, can kudu inda ke da tudu, wurin da ba a zata ba. Sanin gobe sai Allah, ni dai abin da na gani shi ne ba sa jiran damina kafin su duba.

Baban Ummi:
Har yanzu dai ina nan a kan bakata, amma maganar mai kama gafiyar nan ta shige ni.

Manomin Kura:
Ɗana kafin ka tafi, ita jingar da me suke rufe bayanta ruwa ba ya zaizaye ta? Tamu ta bakin gona duk shekara sai mun sake.

Ɗan Hadejia a Delft:
Baba ta bakin kogi yawanci cikinta yashi ne ko ƙasa, sai a lulluɓe da yumɓu mai kauri a daddanne, a shuka ciyawa mai saiwa da yawa a kai. Tumaki ake sakewa su yi kiwo a kai don suna rage ciyawar suna danne ƙasa da ƙafa ba tare da sun farfasa ta ba, shanu sun yi nauyi, kuma ba a son bishiya a jiki saboda in iska ta tumɓuke ta sai ta bar rami. Gangaren ma a kwance suke yin shi sosai, ba a tsaye kamar katanga ba, don haka tana cin fili. Ta bakin teku kuma ana ƙara duwatsu ko kwalta a gefen da igiya ke duka. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan koma wurin in ɗauko maka bidiyo tun daga gindinta har sama, in auna faɗin da taku in faɗa maka.

Manomin Kura:
Allah Ya kai mu. Ka ɗauko min har da ciyawar kusa-kusa in ga ko irin ƙiri-ƙirinmu ce.